Tsohuwar Beljiyam, mai turbo, ko mai lantarki: wacce ta cancanci kuɗin gyaranka?

Ɗan yayata ne ya zo min da maganar wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci. Shekara uku yana tarin kuɗi daga sana'ar sayar da waya, kuma ba motar zuwa kasuwa yake nema ba, wannan akwai ta a gida. Mota yake so wadda zai zauna a kanta yana ƙara wannan yana cire wancan, har ta kai in ta shigo layi yara su san tasa ce tun ba su ga fuskarsa ba. Ya ce, "Kawu, abokaina sun raba min hankali. Wani ya ce in sayi tsohuwa mai silinda shida, wani ya ce mai turbo da ake ƙara wa ƙarfi da kwamfuta, wani kuma ya ce duk ɓata kuɗi ne, zamanin fetur ya ƙare, in nemi mai lantarki."

Ban yi masa dariya ba. Mutanen da ke kashe kuɗin da ya fi na dokin kansa a kan sirdi da linzami da jalala saboda hawan sallah, bai kamata su yi mamakin saurayin da ke son yi wa mota ado ba. Sha'awar ɗaya ce. Sai dai doki ba ya zuwa da kwaɗon da kamfani ya riƙe makullinsa a wata ƙasa, motar yanzu kuwa da shi take zuwa. Da wannan na auna masa ukun: bayan ka biya kuɗi ka karɓi takardu, wa ke da ikon taɓa cikin motar, kai ko wanda ya ƙera ta?

Mu fara da tsohuwa, kuma a nan zan daɗe domin ita na fi sani. In na ce tsohuwa ba ina nufin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna ba, ko Marsandin nan da ake kira Bi-but. Waɗannan abin so ne, amma aikinsu raya tsohon abu ne, ba ƙara masa gudu ba, kuma mai irin wannan aiki haƙurinsa ya fi kuɗinsa yawa. Ina nufin motocin da aka ƙera daga wajen 1996 zuwa 2010. Shekarar 1996 tana da dalili: daga ita ne Amurka ta wajabta wa motoci wata kafa iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD-II, inda za ka soka ɗan na'ura mai araha motar ta faɗa maka abin da ke damunta. Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Don haka motar wannan tsakani tana da kwamfutar da za ta taimake ka, amma kwamfutar ba ta kai ga yi maka gardama ba.

Cikinsu, mai son wasa ya nemi wadda ke tura kanta da tayoyin baya. Lexus IS300 da GS300 na farkon shekarun 2000 suna ɗauke da inji 2JZ, lita 3, silinda shida a jere, ɗan uwan wanda ya yi wa Toyota Supra suna a duniya, sai dai shi ba turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ƙarfinsa doki ɗari biyu da 'yan kai. Akwai BMW E46, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2006, da Marsandi C-Class ta wannan zamani. Camry da Accord da Golf na yau da kullum da tayoyin gaba suke ja. Za ka iya yi musu kwalliya su yi kyau, amma duk wanda ka ga yana juyi da su handbirki yake fizga, yana cin tayarsa a banza.

Babbar falalar wannan rukuni ita ce kayan gyara. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, in babu a aika Ladipo a Legas kaya ya iso cikin kwana biyu. Inji ɗungurungum, giyabos, shokozoba, lagireto, duk akwai na Beljiyam. Bakaniken unguwa ya buɗe irinta sau ba adadi. In ka yi kuskure ka ƙona gaskit, asara ce da za ka iya ɗauka ka koyi darasi, kuma mai gyaran mota da bai taɓa ɓata komai ba bai fara ba tukuna.

Illolinta kuwa uku ne, kuma ban ɓoye wa yaron ko ɗaya ba. Na farko shekaru. Mota mai shekara ashirin duk robar da ke jikinta ta gaji: bushi, tiyo, sil. E46 an san ta da wannan a ɓangaren sanyaya inji, inda tankin ruwa da wasu mahaɗai na roba ne, sai su tsage rana tsaka a watan Afrilu, in ba ka lura da allura ba kan injin ya tafi. Kuɗin da ka ware don wili masu sheƙi, rabinsa a nan zai narke kafin ka ga wani canji da ido. Na biyu, kuma wannan shi ne samari ba sa son ji, injin da ba turbo ba ya ƙaruwa da arha. Ka sauya salansa, ka sa matatar iska mai buɗaɗɗen baki, ka cire na'urar tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, abin da za ka samu ƙara ce da wari da hasken gargaɗi a dashbod. Ƙarfin da ya ƙaru ba zai kai ka ji shi a bayanka ba. Mai son ƙarfi na gaske sai ya ɗora turbo, wanda ke jawo sabon famfon mai, sabbin nozul, kwamfuta ta daban da wanda ya iya saita ta, kuɗin kuma ya kan kusa na motar. Na uku mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000 a wurare da yawa. Silinda shida ba ta san an yi haka ba.

A nan ne gas ya shigo, kuma ina ganin shi ne gyaran da ya fi kowanne yawa a ƙasar nan yanzu, ko da yake ba wanda ke ɗaukar hotonsa ya sa a Instagram. Gwamnati ta kafa shirin CNG, wato matsattsen gas da mota ke sha a maimakon fetur, a 2023, kuma tsofaffin injuna masu fesa mai a bakin bawul sun fi sauƙin juyawa. Motar za ta riƙa shan duka biyun, ka danna maɓalli ka koma fetur. Za ka rasa rabin but ko fiye, bayan motar zai yi nauyi, ƙarfi zai ɗan ragu, kuma a arewa gidajen sayar da gas ɗin ba su wadata ba. Ana sa rai da bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Gargaɗi ɗaya: tukunyar CNG tana riƙe matsin da ya kai 200 a ma'aunin matsi na bar, ba ta girki ba ce, ba kuma abin da mai walda zai haɗa ba ne. A Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar da aka haɗa da walda ta tarwatse a gidan gas a Benin ta jihar Edo, mutane suka ji munanan raunuka.

Akwai kuma wani abu da ke tafe wanda ya shafi farashi. Dokar Amurka ta hana shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba sai ta cika shekara 25, shi ya sa da Nissan Skyline R34 ta 1999 ta cika wa'adi a 2024 masu kuɗi suka yi mata caa. Supra ta shekarun 1990 ta daɗe da fin ƙarfin talaka. Wannan zazzaɓi yana gangarowa kan ƙannensu a hankali, domin ba a ƙera sababbi, masu kyau kuma kullum raguwa suke. Sai dai abin dariyar shi ne wadda ba a taɓa ba ita ke tsada. Dillalinmu ma haka yake: da ya ga an sauya fenti an yanke salansa, sai ya ce an wahalar da ita, ya zaftare kuɗi.

Sai mai turbo. Gaskiya daɗinta ba ya misaltuwa. Kamfani kan bar sarari a injin turbo saboda zafi da mai marar kyau da garanti, mai saiti kuma wannan sararin yake ci. Golf GTI ta bakwai tana fitowa da doki wajen 220, a sauya mata lissafin kwamfuta kawai, ba a kwance ko noti ɗaya ba, ta doshi 290. BMW 335i mai inji N54, wadda ta fito a 2006 da doki 300 da turbo biyu, ita ma haka. Abin da mai IS300 zai yi shekara yana tara wa kuɗi, wannan ya same shi kafin shayinsa ya huce.

To ina matsalar? Man da ke tankinka. Yawancin lissafin da ake saya ta intanet an rubuta shi ne don fetur mai darajar octane 98 a ma'aunin Turai, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi. Namu iri ɗaya ne a kowane famfo, darajarsa ƙasa da haka, kuma ba kullum yake zuwa da tsabta ba. Wanda ya manta Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol motoci suka riƙa mutuwa a hanya, to ba shi da mota a lokacin. Ka haɗa ƙarin matsin turbo da mai marar ƙarfi da iskar Kano mai digiri 40, wuta za ta riƙa tashi a silinda kafin lokacinta. Kwamfuta za ta yi ta ja da baya don kare injin, wato ƙarfin da ka saya ya tafi, ran da ta kasa kuma fistin ya fashe. Waɗannan injuna kai tsaye suke fesa mai cikin silinda da matsi mai yawa, famfonsu da nozul ɗinsu da dala ake saye, ita N54 ma tun a ƙasashensu an san ta da cin famfon. Juya su zuwa gas ya fi wuya ya fi tsada. Ana iya yi, akwai masu saitin da ke rubuta lissafi daidai da man da kake sha, da ƙarin na'urar sanyaya iska. Amma wasan mai mota biyu ne, wanda in wannan ta kwana wata guda a gareji ba zai hau adaidaita ba.

Wannan ma ga turbo na kafin 2020 ke nan. Na bayansu ƙofar rufewa take yi. BMW ɗin da aka ƙera daga tsakiyar 2020 kwamfutarsu a kulle take, har ta kai masu sha'awa a Amurka suna cire ta su aika Finland a buɗe musu a dawo da ita. Chevrolet Corvette ta 2020 da Ford Mustang ta 2024 su ma da kwaɗo suka fito, aka daɗe ana fama kafin a samu hanya. Ba mugunta kaɗai ba ce. Mota ta zama waya mai taya, tana haɗe da intanet, kuma akwai ƙa'idar tsaron kwamfutar mota ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 155, wadda ta hau kan duk sabuwar mota a Tarayyar Turai daga Yulin 2024. Tsananinta ya sa Porsche ta janye Macan mai fetur daga wannan kasuwa maimakon ta sake mata wayoyi. A Amurka hukumar kare muhalli ta yi shekaru tana cin tarar masu sayar da kayan kashe na'urar tace hayaƙi, Turai kuma ta yi dokar 2023 da ta sa 2035 a matsayin ƙarshen sayar da sabuwar mota mai hayaƙi, ko da yake ana ta ja-in-ja a kan sassauta ta. Wani zai ce ina ruwanmu, nan wa ke auna hayaƙi? Ruwanmu shi ne motar da suke hawa yau ita za ta sauka a Legas ko Kwatano nan da shekara takwas, da kwaɗonta da komai.

Mai lantarki ita ce ƙarshen wannan hanya. Wajen tashi daga tsaye ba ta da sa'a, duk ƙarfinta yana nan tun daga taka totur, ba jiran giya ba jiran turbo. Amma me za ka gyara? Ba salansa, ba fulogi, ba bawul. Ƙarin ƙarfin ma kamfani ne ke sayar maka ta waya. Tesla ta fara karɓar dala 2,000 a 2019 don ta saki gudun da tun farko yana cikin Model 3 ɗinka. Marsandi ta fito da irin wannan a Amurka a 2022 kan dala 1,200 duk shekara, ka daina biya a mayar da kai inda kake. Kamar ka sayi doki ne mai shi ya ce sukuwa sai ka riƙa biyan haya. Kamfanonin ma sun san akwai abin da ya ɓace, shi ya sa Hyundai Ioniq 5 N, mai doki sama da 600, take kwaikwayon sauya giya da rurin inji ta lasifika. An ce tana da daɗin tuƙi, ban musa ba, amma ruri ne na rediyo. Abin da ya rage wa mai ita a waje yake: wili, taya, shokozoba, ledar sauya launi. Ga nauyi, ita wannan Ioniq ta haura tan 2, E46 kuwa ba ta kai tan ɗaya da rabi ba a yawancin nau'inta, kuma taya ce ke biyan bambancin.

A wurinmu akwai ƙarin tambayoyi biyu, wuta da zafi. Mai layin Band A an kai masa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duk da haka cajin ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, in wutar ta zo. Mai sola babba a gida ya huta. Wanda zai tayar da janareto ya yi caji kuwa ya koma gidan jiya. Zafi kuma yana tsufar da batir, Nissan Leaf ta farko da ba ta da ruwan sanyaya batir ta nuna haka a jihar Arizona tun 2012, Sakkwato da Maiduguri kuma ba su fi can sanyi ba. Mai saye ya nemi wadda ake sanyaya batirinta da ruwa. Kada kuma wani bakanike ya ce zai gwada sa'a, batirin yana ɗauke da wuta mai volt 400, wasu 800, ba ya ba mutum damar kuskure na biyu.

Duk da haka ban ce wa yaron ya juya wa lantarki baya ba, domin akwai ɓangarensa da ya fi burge ni fiye da duk abin da na lissafa. Sayen mai lantarki daga kamfani daban, ƙera ta da hannunka daban. Ford da kanta ta fara sayar da injin lantarki zalla a 2021, Eluminator, doki 281, don mutane su dasa a tsofaffin motoci. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya fara ne da cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir da moto, har suka riƙa ɗaukar fasinja a gari. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar Chevrolet Volt a General Motors kafin ya dawo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Wanda ya haɗa batirinsa ya zaɓi na'urar sarrafa motonsa, ba kamfanin da zai kulle masa komai. In akwai inda wannan sha'awa za ta samu sabon numfashi a wurinmu, ina zaton nan ne, kuma yaran da ke haɗa batirin sola a kasuwa sun riga sun yi rabin karatun. Amma a fara da babur ko keke mai ƙafa uku, inda wutar ba ta kai ta kisa nan take ba kuma asarar ba ta kai ta kuka ba.

Kowacce ka zaɓa, hukuma tana nan. Baƙin gilashi yana da doka tun 1991 kuma izininsa a hannun 'yan sanda yake. Launin da ke takarda ya dace da na jikin mota, in ka naɗe ta da leda ka gyara takardun. Fitilar da ke makantar da mai tahowa da jiniya, 'yan Road Safety da VIO da KAROTA ba za su gaji da kai ba, kuma suna da gaskiya. Juyi a kan titi ranar ɗaurin aure ya sa iyaye da yawa kuka. A Afirka ta Kudu irin wannan wasa da BMW 325i, wadda suke kira gusheshe, a unguwanni ya fara, daga baya aka mayar da shi wasa mai rajista da fili da shinge. Mu filin ne ya yi mana ƙaranci, ba direbobi ba.

Abin da na ce masa a ƙarshe, da kuɗin da ke hannunsa da kuma cewa motar gida ba tasa ba ce shi kaɗai: ya nemi IS300 ko GS300 mai lafiyayyen ƙashi, in bai samu ba E46 wadda bai ga alamar ta taɓa tafasa ba. Kada ya kashe fiye da kashi biyu cikin uku wajen saye. Ragowar ya fara da abin da ba a gani: lagireto da tiyo da famfon ruwa, a mayar da tamostat ɗin da makanikanmu ke cirewa da sunan wai na ƙasar sanyi ne, sannan birki, sannan taya sababbi masu kwanan wata na kusa, sannan shokozoba. Kada ya sauke ta ƙasa sosai, tudun rage gudu na unguwarsu kaɗai ya isa ya fasa masa tukunyar baƙin mai. Wili da salansa su zo daga baya, kuma duk abin da ya cire na asali ya zuba a buhu ya ajiye, ranar sayarwa zai gode min. Mai turbo ya bari sai ya yi mota ta biyu. Lantarki kuma ya sayi tsohon babur ya fara koyo a tsakar gida.

Bayan mako biyu ya kira ni daga Kaduna, ya samu wata IS300 fara. Dillali yana ta rantsuwa fes bodi ce, wata hajiya ce ke zuwa asibiti da ita. Ya soka na'urar da na ara masa, ta nuna an goge laifuffuka a safiyar ranar. Ya leƙa ƙasa, ba indomi, an yi walda a wurin. Fanka kuma an haɗa ta kai tsaye, tana tashi da makulli. Ya ce, "Kawu, in bari?" Na ce ya tambayi dillalin nawa zai rage, ya kuma sa a buɗe murfin baƙin mai ya gani ko akwai fari-fari kamar madara a jikinsa, sannan ya sake kirana.